Yadda Ake Zuƙe Iska A Sa Ta Aiki

1. Ƙwaryar da ba kome a cikinta

Jama'a, ga tambaya. In an shanye furar da ke cikin ƙwarya, an wanke ƙwaryar an ajiye, me ya saura a ciki? Kowa zai ce ba kome. To, akwai abin da ya saura. Iska ce. Ba mu ganinta, shi ya sa mukan manta da ita.

Ga yadda za mu tabbatar. A samo kwalba wadda ba kome a ciki, a tura ta cikin bokitin ruwa. Za mu ji tana ɓul-ɓul, kumfa yana tasowa. Iskar da ke ciki ce take fita don ta ba ruwa wuri.

Iska tana da nauyi kuma. Tana bisa kanmu mil da yawa, muna zaune a ƙarƙashinta kamar yadda kifi yake zaune a ƙarƙashin ruwa. Masu ilmi sun auna nauyin nan. Kowane wuri mai faɗin farcen ɗan yatsa, iska tana danna shi da nauyin kilo guda. Tafin hannun babban mutum kuwa yana ɗauke da kamar nauyin buhun gero.

Me ya sa ba mu jin wannan nauyi? Domin iska tana dannawa ta ko'ina, ta sama da ta ƙasa, ta ciki da ta waje. Misalinta kamar ƙarfafa biyu ne suna tura ƙyaure ɗaya, wannan daga ciki, wancan daga waje. Muddin ƙarfinsu ɗaya ne, ƙyaure ba ya motsi. Amma da na ciki ya janye, sai na waje ya banko ƙyauren.

Ku riƙe wannan misali da kyau, gama shi ne tushen darasinmu duka. In aka zuƙe iskar da ke cikin wani mazubi, an janye na ciki ke nan, sai ta waje ta shiga dannawa. Wurin da aka zuƙe iskarsa, a wannan darasi za mu riƙa ce da shi fanko.

2. Abin da muka riga muka sani

Aiki da fanko ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Ku duba wanzami sa'ad da yake yin ƙaho. Yakan ɗora bakin ƙahon a bayan mutum, ya sa baki a tsininsa ya zuƙe iskar da ke ciki, sa'an nan ya liƙe ɗan ramin. Sai ƙaho ya kama fata kam, ba igiya ba danƙo. Iskar waje ce take danne shi. Jinin da ke ƙarƙashin fata kuma ya sami wurin da ba a danne shi ba, sai ya taru can. In wanzami ya gama, ba ya fizgar ƙahon. Ɗan ramin nan yake buɗewa, iska ta shiga, ƙaho ya saki da kansa.

Haka kuma yaro in yana shan ruwa da kara mai rami. Yana rage iskar da ke cikin karan, sai iskar waje ta danna ruwan da ke cikin kwano, ta tura shi sama zuwa bakinsa. In karan ya tsage a gefe, ko ya kwana yana zuƙa ba abin da zai sha sai iska.

Ashe dai abu biyu ake bukata. Na fari, abin da zai zuƙe iska. Na biyu, mazubin da ba ya yoyo. Wanzami ya san wannan tun kaka da kakanni. Abin da masu ilmi suka ƙara shi ne awo da lissafi.

3. Mutanen da suka fara aunawa

A ƙasar Italiya, masu jawo ruwa da famfo sun daɗe suna mamakin wani abu. Kome kyan famfon da ke zuƙo ruwa daga sama, ba ya iya ɗaga shi fiye da ƙafa 34. Cikin shekarar 1643 wani malami mai suna Torricelli ya gano dalili. Ya cika dogon bututun gilashi da zaiba, ya toshe bakinsa da yatsa, ya kifa shi cikin kwanon zaiba, ya zare yatsan. Zaiba ta sauko, ta tsaya a wajen inci 30. Can saman bututun ya zama fanko. Ya ce nauyin iskar waje ne ya tokare zaibar, kuma iyakar ƙarfinsa ke nan. Zaiba ta fi ruwa nauyi fiye da sau 13, shi ya sa inci 30 nata yake daidai da ƙafa 34 na ruwa. Saboda haka ne a rijiyar burtsatse mai zurfi akan sa cikin famfon can ƙasa cikin ruwa, ya riƙa turo ruwan sama.

Cikin 1648 wani malamin Faransa mai suna Pascal ya sa aka hau wani babban dutse da irin bututun nan. Da aka kai ƙwanƙoli, zaiba ta ragu da wajen inci 3. Watau a bisa dutse iskar da ke kan mutum ba ta kai ta ƙasa yawa ba. Maganar Torricelli ta tabbata.

A ƙasar Jamus kuma akwai magajin garin Magdeburg, sunansa Otto von Guericke. Za mu riƙa ce masa Gerike don sauƙi. Shi ne ya ƙera famfon zuƙe iska na fari, wajen shekarar 1650. Ya sa aka ƙera masa ƙoƙuna biyu na tagulla, faɗin bakin kowanne wajen inci 20. Ya kifa ɗaya a kan ɗaya, kamar yadda mata suke kifa ƙwarya a kan ƙwarya, ya zuƙe iskar da ke ciki. Wajen shekarar 1657 ya sa aka ɗaura dawaki 16, takwas nan takwas can, suka yi ta ja. Da ƙyar suke raba ƙoƙunan, wani lokaci ma su kasa. Da ya murɗa ɗan makunnin da ke jiki iska ta shiga, sai suka rabu ba wahala.

Mu yi lissafi. Faɗin bakin ƙoƙon nan ya kai farce wajen 2,000. Kowane farce kilo guda. Kilo 2,000 ke nan, watau nauyin buhun gero 20. Ba tsafi a ciki. Iskar da muke shaƙa ce ta riƙe su.

4. Yadda ake ƙera famfon zuƙe iska

Duk mai keke ya san famfo. Akwai bututun ƙarfe, akwai sanda mai fata a bakinta, akwai kuma bawul. Bawul ɗan ƙyaure ne wanda yake buɗewa ta gefe guda kaɗai. Iska ta shiga taya, ba ta da hanyar komowa. Famfon zuƙe iska shi ne famfon keke da aka juya aikinsa. Yana da bawul biyu. In an ja sanda, bawul na fari ya buɗe, iska ta fito daga mazubi ta shiga famfo. In an tura sanda, na fari ya rufe, na biyu ya buɗe, iskar ta fita waje. Famfunan zamanin nan inji ne ke juya su, amma dabarar tana nan yadda take.

Ga wani abin lura. A ce ja na fari ya kwashe rabin iskar da ke cikin mazubi. Ja na biyu ba zai kwashe sauran duka ba, sai rabin abin da ya rage. Na uku ma haka. Bayan ja goma, abin da ya saura kashi ɗaya ne cikin dubu. Kullum tana raguwa, amma ba ta ƙarewa ƙurmus. Don haka tambayar da maƙerin irin kayan nan yake fara yi ita ce: wane aiki za a yi, kuma iska nawa aikin yake so a cire?

Bayan famfo da mazubi, sai na uku, watau ma'auni. Fanko ba a ganinsa da ido. Akan maƙala wani abu mai allura da lambobi kamar agogo. Wanda ya iya karanta lambobin nan shi ne ya san abin da ke gudana a ciki.

Yanzu za mu duba wurare biyu da ake aiki da fanko. Ɗaya yana so a cire rabin iska kawai. Ɗaya kuwa yana so a cire kusan duka.

5. Injin tatsar nono

A ƙasashen da mutum ɗaya yake da shanun tatsa ɗari ko fiye, hannu ba ya isa. Tun da daɗewa aka yi ta neman injin da zai yi aikin. Waɗansu na farko sun riƙa zura ɗan bututu cikin kan nonon saniya. Wannan ya jawo rauni da cuta, aka bar shi.

Cikin 1889 wani mai aikin famfo a garin Kilmarnock na ƙasar Sikotilan, William Murchland, ya ƙera injin da ke tatsa da fanko. Madara ta zubo, amma da sauran gyara. Injin yana zuƙa ba hutawa, sai jini ya taru a kan nonon ya kumbura, kamar dai wurin da aka yi wa ƙaho. Saniya tana jin zafi.

Amsar tana wurin ɗan maraƙi. Ku lura da shi in yana shan nono. Yakan tsotsa, ya haɗiye, ya matsa da harshe, sa'an nan ya sāke tsotsa. Ba ya ja da numfashi ɗaya. Cikin 1895 wani likita a birnin Glasgow, Alexander Shiels, ya fito da inji mai zuƙa yana sassautawa. Wajen 1903 kuma wani mai kiwon shanu a Ostareliya, Alexander Gillies, ya kyautata kofin da ake sa wa kan nono. Irin wannan kofi ake aiki da shi har yau.

Ga yadda aka gina shi. Kofin riɓi biyu ne. Na waje ƙarfe ne, na ciki roba ce mai laushi, ita ce take taɓa kan nono. Tsakanin ƙarfe da roba akwai ɗan sarari. Akwai wata 'yar na'ura mai bugawa kamar zuciya. Ita ce take zuƙe iskar da ke cikin sararin nan, sa'an nan ta bar ta ta komo, wajen sau 60 a minti guda. In ta zuƙe, roba ta buɗe, madara ta zubo. In ta bar iska ta shiga, roba ta matse kan nonon a hankali, ta mai da jini baya. Kofuna huɗu ne, ɗaya ga kowane kan nono. Suna haɗuwa a wuri guda, daga nan madara ta bi tiyo ta shiga rufaffen bokiti ko tanki. Galibi cikin minti 5 zuwa 8 an gama da saniya guda.

Iska nawa ake cirewa? In an kasa iskar da ke cikin bututun kashi 100, akan cire kashi 40 zuwa 50. In an cire fiye da haka, kan nono ya yi rauni. In bai kai ba, kofuna su riƙa zamewa suna faɗuwa cikin kashin shanu. Saboda haka akan sa wani bawul mai tsaro. Da zuƙa ta yi yawa sai ya buɗe, ya bar iska kaɗan ta shiga. Mai tatsa kuma ba ya sa wa saniya kofi sai ya dubi allurar ma'auni tukuna.

Sai tsabta. Robar da ta tsufa tana tsattsagewa, ƙwayoyin cuta su ɓuya a ciki, su bi daga saniya zuwa saniya. Daga nan sai kumburin hantsa, madara ta yi gudaji ko ta fito da jini, wani lokaci kan nono ɗaya ya mutu ɗungum. Masana suna ba da shawara a sauya robar bayan tatsa wajen 2,500, ko bayan wata 6. Bayan kowace tatsa kuma a wanke kofuna da tiyo da ruwan zafi da maganin wanki.

Cikin 1992 aka fara aiki a ƙasar Holan da injin da ke laluben kan nono ya sa kofi da kansa, ba hannun mutum. Saniya ce take zuwa wurinsa in ta ga dama. Duk da haka a cikinsa dabarar ɗan maraƙi ce: a zuƙa, a sassauta.

Mu a nan galibin shanunmu da hannu ake tatsarsu, kuma da yawa ba su sakin nono sai ɗan maraƙi yana kusa. Inji yana da amfani ne inda shanu suke da yawa wuri guda, akwai lantarki, akwai ruwa mai tsabta, akwai kuma mai gyara. Ƙungiyar makiyaya da ke shawarar sayen inji, ta fara tambayar inda za ta riƙa samun roba da wanda zai riƙa duba ma'auni. Injin da ba a kula da shi ya fi hannu ɓarna. Amma ko da hannu ake tatsa, dokar ɗaya ce. A wanke hannu, a wanke hantsa, a dubi tatsar fari ko da gudaji, kada a ja kan nono da ƙarfi, a kuma tafasa madara kafin a sha.

6. Wutar da ta fi rana zafi

Yanzu mu bar garke, mu tafi ɗakin binciken masu ilmi. Can ma famfo ne da mazubi da ma'auni, sai dai aikin ya fi tsanani.

Mun san ƙanƙara. In ta ji zafi ta zama ruwa. In ruwa ya ji zafi ya zama tururi. To, in aka ci gaba da zafafa tururi ko wata iska ƙwarai da gaske, ƙananan ƙwayoyin da aka yi ta da su sai su farfashe, ta zama wani abu mai haske wanda lantarki yake bi ta cikinsa. Wani masani na Amurka, Irving Langmuir, shi ya raɗa masa suna filasma cikin 1928. Mun sha ganinsa ba mu san sunansa ba. Walƙiya filasma ce. Hasken da ke tashi a bakin sandar mai walda filasma ne. Rana da taurari ma filasma ne.

A tsakiyar rana zafi ya kai digiri miliyan 15. Ku tuna, ruwa yana tafasa a digiri 100. Cikin wannan zafi ƙwayoyin wata iska marar nauyi, mai suna haidirojin, suna haɗewa da juna, su ba da zafi da haske. Masu ilmi suna so su yi irin wannan a duniya don a sami lantarki, gama akwai haidirojin cikin ruwa. Amma a duniya sai zafin ya kai wajen digiri miliyan 150, watau riɓi goma na tsakiyar rana.

Wace tukunya za ta riƙe irin wannan wuta? Babu. Saboda haka ba a barinta ta taɓa bango. Cikin shekarun 1950 masanan Rasha a birnin Mosko suka ƙera wata tukunyar ƙarfe mai siffar gammo, suka kewaye ta da manyan maganaɗisu. Ƙarfin maganaɗisun ne yake riƙe filasma a tsakiya, tana zagayawa. Sunan wannan na'ura tokamak.

Kafin a kunna ta, tilas a zuƙe iskar da ke ciki. Man da ake sa mata ɗan kaɗan ne ƙwarai. In ya gauraya da iskar waje, ko yaya take, sai zafin ya tsere, filasma ta mutu kamar an yayyafa wa garwashi ruwa. A injin tatsa rabi ake cirewa. A nan kuwa abin da ake bari bai kai kashi ɗaya cikin miliyan dubu ba.

7. Yadda ake gina tukunyar

Famfo iri ɗaya ba ya isa. Ku dubi tumaki a garke. In sun cika maƙil, da an buɗe ƙofa sai su turo juna waje. In saura uku a babban fili, sai an bi kowace an kora. Haka iska take. Famfo na fari, ɗan'uwan na injin tatsa, shi ke kwashe mai yawan. Sa'an nan a kunna na biyu, wanda wani Bajamushe, Willi Becker, ya ƙera cikin 1958. Fanka ce mai fukafukai jere bisa jere, tana juyawa fiye da sau 20,000 a minti guda. Duk ƙwayar iskar da ta faɗo ciki, sai fiffike ya make ta zuwa waje. Akwai kuma famfo na uku wanda tarko ne. Faranti ne da aka sanyaya ƙwarai, har digiri 269 ƙasa da sanyin da ruwa yake daskarewa, aka manna masa gawayin ɓawon kwakwa. Ƙwayar iskar da ta taɓa shi sai ta maƙale.

Tukunyar da ƙarfe marar tsatsa ake yinta, mai kauri, don kada iskar waje ta lotsa ta. Inda za a haɗa bututu da bututu, galibi ba a sa roba. Zoben tagulla mai laushi ake sawa a tsakani, a ɗaure da noti har bakin ƙarfen ya nutse cikin tagullar.

Tsabtar wurin ta wuce misali. Ma'aikata suna sa safar hannu, domin maiƙon yatsa guda in ya taɓa bangon ciki zai daɗe yana fid da tururi yana ɓata fanko. Ko ƙarfen da ya bushe a ido, akwai laima a jikinsa. Don haka akan gasa tukunyar duka, wajen digiri 200, kwana da kwanaki, famfo yana ta zuƙa, kamar yadda mai ginin tukwane take gasa tukunya kafin a zuba mata ruwa.

Sa'an nan a shiga farautar yoyo. Mai facin taya yakan tsoma tayar cikin ruwa ya nemi inda kumfa yake fita. Ramin da ake nema a nan ya fi gashin kai siranta nesa ba kusa ba, ruwa ba zai nuna shi ba. Akan fesa wata iska mai suna hiliyam a bisa kowace walda, kaɗan kaɗan. Ƙwayoyinta ƙanana ne, suna kutsawa ta kowace kafa. A jikin famfo akwai na'ura mai sansano ta. Da ta sansano, an san wurin da ake fesawa nan ɓarakar take.

A Ingila, kusa da birnin Oxford, an yi aiki da wata babbar tokamak mai suna JET daga 1983 zuwa ƙarshen 2023. A shekararta ta ƙarshe, cikin daƙiƙa 5, ta ba da zafin da ya isa ya tafasa ruwa cike da duro guda, da man da bai kai nauyin ƙwayar gero ba. Sai dai lantarkin da ta ci ya fi abin da ta bayar. Har yanzu ba garin da yake samun wuta ta wannan hanya. Ana kan koyo ne.

A kudancin Faransa ana gina wadda ta fi ta girma, sunanta ITER. Ƙasashen Turai da Sin da Indiya da Japan da Koriya ta Kudu da Rasha da Amurka ne suka haɗa hannu. Faɗin tukunyarta ya fi ƙafa 60, tsayinta ya fi ƙafa 35, nauyinta tan 5,200. Gunduwa 9 aka tsara ta, biyar daga Turai, huɗu daga Koriya, a haɗa da walda. Cikin 2022 masu aikin suka ba da sanarwa cewa gwajin hiliyam ya tona 'yan tsage-tsage a jikin waɗansu bututun sanyaya na'urar. Ɗan ragowar sinadari ne ya maƙale kusa da walda, ya ci ƙarfen a hankali. Tilas aka ciro abin da aka riga aka ɗora don a gyara. Wannan yana cikin dalilan da suka sa cikin 2024 aka ɗaga ranar fara aiki zuwa 2034. Gaskiyar Hausawa, sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga.

8. Abin da za mu riƙe

Wanzami da mai tatsa da masanin filasma, aikinsu ya bambanta, amma doka ɗaya suke bi. Fanko ba ya jan kome. Iskar waje ce take turawa, mu kuwa hanya muke ba ta. Mai ƙera kayan ya san iyakar iskar da aikinsa yake so a cire, kada ya zarce, kada ya gaza. Ya toshe kowace kafa. Ya tsabtace ciki. Ya riƙa duban ma'auni, kada ya yi aiki da zato. Tsagar da ido ba ya gani ita ce take sa wa saniya ciwon hantsa, ita ce kuma ta tsai da aikin manyan ƙasashe. Rigakafi ya fi magani.

Aikin yi a aji

A cika kofin gilashi da ruwa har baki. A ɗora takarda mai kauri a kai, a dafe da tafin hannu, a kifa kofin a hankali, sa'an nan a janye hannu. Takarda za ta tsaya, ruwa ba zai zube ba. Kowa ya faɗi abin da ya riƙe ta. Daga nan a ɗan ɗaga gefen takardar, a ga abin da zai faru. A yi wannan a waje, ko a bisa bokiti.

Tambayoyi

1. Me ke cikin ƙwaryar da muke cewa ba kome a cikinta?
2. Me ya sa ƙahon wanzami yake kama fata, me kuma yake sa ya saki?
3. Dawaki nawa Gerike ya ɗaura wa ƙoƙunansa? Me ya riƙe ƙoƙunan?
4. Wace dabara masu ƙera injin tatsa suka koya daga ɗan maraƙi?
5. Me zai sami saniya in zuƙar inji ta yi yawa? In ta yi kaɗan fa?
6. Ku faɗi wurare uku da muke ganin filasma.
7. Yaya ake gano yoyo a tukunyar tokamak?
8. Lissafi: manomi yana da shanu 20, ana tatsarsu sau 2 a rana da kofuna jeri ɗaya. Tatsa nawa ke nan a rana? Kwana nawa za a yi kafin a kai tatsa 2,400?

Rubutu

Kowa ya rubuta waɗannan a littafinsa sau uku:

Iska tana da nauyi.
A wanke hannu kafin a tatsi saniya.
Ƙaramar ɓaraka tana ɓata babban aiki.